Kiɗan da Ba Ya Sauka

Talata Mafara,
10 ga Fabrairu, 1980.

Zuwa ga matata abar ƙaunata, Lucy,

Bayan gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu, ina fata wannan takarda za ta same ki lafiya, ke da Helen da Samuel. Yaya ƙafar Mama, ta daina kumburi? Yaya makaranta da 'yan ajinki? Ki gaishe mini da Fasto da duk wanda ya tambaye ni a Kagoro. Ni lafiyata ƙalau, sai dai kewarku.

Kin ce kin ji a rediyo ana rigima a Bakolori. Gaskiya ne. Manoman da ruwan dam ya cinye gonakinsu, da waɗanda aka karɓi nasu don a haƙa magudanai, sun gaji da jira, sun fara tare hanyoyi da gumagumai da duwatsu. Ni dai suna bari na in wuce da babur ɗina idan na fita duba tsayin ruwa a magudanai. Malam Akawun Ruwa suke kira na, kuma kusan kullum sai wani ya tambaye ni ko yau na auna zurfin ruwan da ke kan kabarin ubansa. Sai in gaishe su in wuce.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Wani abu na yi wanda nake tsoron zai jawo wa wani mutum masifa, kuma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Kin tuna fayafayan da ƙanenki Philip ya aiko mini daga Legas, waɗanda nake sa wa ma'aikata a kulob ran Asabar. A cikin takardarsa ya ce samarin baƙaƙen fata na Amurka sun ɓullo da wata dabara. A kusan kowace waƙa akwai wani ɗan wuri da mawaƙi da jita da ƙaho duk suke yin shiru, su bar ganga ita kaɗai. A nan ne masu rawa suka fi haukacewa, to amma wurin ba ya daɗewa. Sai samarin su sayi faifai iri ɗaya guda biyu, su riƙa maimaita wurin nan, wannan ya ƙare wancan ya ɗauka, har sai masu rawa sun gaji don kansu. Ni ba ni da garmaho biyu, amma ina da rikoda biyu. Sai in kunna wurin a ɗaya, in ɗauka a ɗaya, in danna tsayawa daidai kan bugun ƙarshe, in mayar baya, in sake. Kin san halina, idan na sa abu a gaba. Sai da na kai har ni kaina ba na jin inda na haɗa.

Da na gwada a kulob, Turawan kamfanin da ke aikin dam da direbobi suka yi ta rawa. Sai na ce a raina, me ya sa zan tsaya ga gangar Amurka alhali ga tamu a ƙofar gida.

Akwai wani makaɗi a Tungar Rini, ƙauyen da ke bakin babban magudanar yamma, sunansa Nagode. Zai girme ni kaɗan. Makaɗin 'yan tauri ne, mutanen nan da suke cewa sun sha maganin ƙarfe, wuƙa ba ta kama su. Bayan kakar bara na je kallon wasansu a Maradun da rikodata, na nemi izininsa na ɗauka, har ya yi ta dariya da ya ji kansa. A cikin kiɗansa akwai irin wurin nan da Philip ya faɗa. Masu amshi su yi tsit, ganga ta hau ita kaɗai tana ƙara sauri, mazan su fara rawar jiki suna zare wuƙaƙe. Bai fi numfashi biyu ba. Lucy, ban taɓa jin kiɗa irinsa ba. Shi na yanka na maimaita har na cika kaset gaba da baya.

Jiya na kai masa don ya ji, ina tsammanin zai yi murna. Da farko ya yi murmushi. Da abin ya zagayo ya sake zagayowa bai tsaya ba, sai fuskarsa ta canza, ya miƙe ya tambaye ni ina sauran. Ya ce wannan hawa ne, kiran tsuma, kuma da gangan ake taƙaita shi. Bayansa akwai sauka, wani bugu mai nauyi a hankali da ke mayar wa mutum hankalinsa ya maida wuƙa kube. Ya ce tun da ya gaji ganga bai taɓa tada namiji ya bar shi a tsaye ba. Sauka ɗin kuwa ba ni da shi. A ranar wasan, duk lokacin da kiɗa ya lafa sai in kashe rikoda don tattalin batir.

Ga abin da ya fi muni. A watan jiya hukuma ta tara makaɗan ƙasar nan ta sa su rantse ba za su buga kiɗan tauri ba sai rigima ta kwanta. Nagode ya dafa Alƙur'ani, ya rataye gangarsa. Ya ce daga Bakura har Janbako ba wanda bai san hannunsa ba, idan aka ji kiɗan nan a ko'ina, wuyansa za a zo nema. Ya roƙe ni in ƙona kaset ɗin. Na ƙona a gabansa. Abin da na kasa gaya masa shi ne, tun makon jiya Ɗanlami direban tifa ya ari kaset ɗin ya kwana da shi, kuma na san ba don ya saurara kaɗai ya ara ba.

Gobe zan nemi Ɗanlami. Wataƙila ina ƙara wa abin girma ne, kin sha gaya mini haka. Ki sa ni a addu'a.

Ni ne mijinki mai ƙaunarki,
Iliya.


Talata Mafara,
16 ga Maris, 1980.

Zuwa ga Lucy, uwar 'ya'yana,

Gaisuwa da fatan alheri. Takardarki ta iso, na gode da yajin da kika haɗo, kuma na ji daɗin jin Mama ta fara takawa ba sanda. Ki gaya wa Helen na karanta sakamakonta har sau biyu. Idan kin ga rubutuna ya karkace, kada ki damu, kaina ne ke ɗaure da bandeji, zan bayyana miki.

Na samu Ɗanlami. Dariya ya yi mini, ya ce Oga Iliya, kaset ɗinka ya riga ka zuwa Gusau. Ya kwafa wa abokansa direbobi, su kuma sun kai wa masu sayar da kaset. Na bi tasha-tasha ina karɓa ina fasawa, amma duk wanda na karɓe sai in ji wani yana tashi a wata motar. Direbobi sun sa masa suna wai Ba Birki.

Ran Talatar da ta wuce na shiga kasuwa da hantsi zan sayi tumatir. Wani mai sayar da kaset, Sanusi, baƙo ne daga Funtuwa, bai san komai game da tauri ba, ya ɗaura lasifika a kan rumfarsa ya sa kiɗan. Rumfar mahauta ba ta da nisa da shi. A cikinsu akwai Jafaru, ƙato ne, mai fara'a, shi ke yanka mini nama yana tsokana ta wai akawu ba ya cin ƙashi. Ban san ɗan tauri ba ne.

Na gan shi lokacin da kiɗan ya kai kunnensa. Ya tsaya cak da cinyar saniya a hannu, kafaɗunsa suka fara karkarwa, ya yi wata irin kururuwa ya tsallake tebur da wuƙar fawa. Ya yage rigarsa ya fara gurza wuƙar a cikinsa. Wasu maza uku suka fito daga cikin taro, ɗaya da adda, ɗaya ya fasa kwalba yana taunawa. Da farko mutane sun yi da'ira suna tafi, an ɗauka wasa ne. Ni kaɗai na san ba zai ƙare ba. Ina ganin idanunsu, duk lokacin da kiɗan ya kai ƙololuwa sai su ɗan saki jiki suna jiran sauka, sai ya koma farko ya sake hawa.

Ban san ko magani ne ke kare su ko gwaninta ba, ke kin san ra'ayina. Abin da na gani shi ne, da abin ya yi tsawo, wuƙa ta fara kamawa. Jini ya wanke wa Jafaru ciki har wando, bai ma sani ba. Mai addar ya fara sarar iska, ya samu wani tsoho mai goro, Audu, a damtse, naman ya buɗe har ana ganin fari. Kasuwa ta watse. Mata suna faɗuwa kan tukwane, an tattake wata mai fura, shanu sun tsinke daga turke. Sanusi ya gudu ya bar rikoda tana ta yi.

Na kutsa ta bayan rumfa na fizge wayar batir. Kafin in juyo wani ya maka mini gefen adda a ka, Allah ya sa ba kaifin ba ne. Ina kwance ina ganin Jafaru. Shirun da ya biyo baya bai sauke shi ba. Ya faɗi yana shure-shure yana kumfa, sai da maza shida suka danne shi aka kwarara masa ruwa.

Kafin la'asar an je Tungar Rini an kama Nagode. Yana gyaran danga aka same shi, gangarsa na rataye ta yi ƙura, amma mutum fiye da goma sun shaida cewa hannunsa suka ji a kasuwa. Ba ƙarya suka yi ba, Lucy. An ɗaure shi a jikin turke an yi masa bulala har bayansa ya tsage.

Washegari na ɗauki rikodoji biyu na tafi ofishin jami'in da ke tsare da shi. Na zauna na nuna masa komai dalla-dalla, yadda ake ɗauka, yadda ake tsayarwa, yadda ake haɗawa. Ya saurara yana kaɗa ƙafa. Da na gama ya ce aikin ya yi kyau, in bar masa kaset ɗaya. Sa'an nan ya ce inji ba ya buga ganga da kansa, wani ne ya buga, kuma ga wanda ya buga a ɗaure. Ni kuwa ya ce in koma in auna ruwana, ma'aikacin gwamnati ba ya shiga sha'anin maroƙa. Na nace cewa ni ne mai laifi, ya ce idan ina son ɗakin kulle akwai, amma ba zai rage wa makaɗin komai ba. Na tashi na fito. Tun daga ranar nake tambayar kaina ko ya kamata in zauna a rufe ni.

An sake shi bayan kwana biyu, da gargaɗin cewa ran da aka sake jin kiɗan nan a taro, hannun da ya buga shi za a karɓa.

Na je gaishe shi da magani da sabulu. Yayar mahaifinsa da ta rene shi, wadda kowa ke kira Gwaggo, ta tare ni a ƙofa ta ce in ajiye kayan a ƙasa, ba ta karɓa daga hannuna. Shi yana kwance rub da ciki. Na gaya masa dabarar da na yi tunani: ya buga mini sauka sau ɗaya kawai a cikin ɗaki, in haɗa sabon kaset mai hawa da sauka, in raba wa direbobi kyauta a madadin tsohon. Sai ya ce, Malam Akawu, kai ka sa an doke ni a kan rantsuwar da ban karya ba, yanzu kuma ka zo in karya ta don in gyara maka aikinka. Ya juya fuskarsa bango.

Yana da gaskiya. Amma kaset ɗin yana yawo, kuma masu tare hanya kullum ƙaruwa suke.

Kada ki gaya wa Philip, ba laifinsa ba ne. Ki gaishe da yara.

Naki har kullum,
Iliya.


Talata Mafara,
30 ga Afrilu, 1980.

Lucy ƙaunatacciyata,

Ina gaishe ki, ina gaishe da Mama da yara, da fatan kuna cikin kiyayewar Ubangiji. Na san kin ji labari kuma hankalinki ya tashi. Ina da rai, ba abin da ya same ni sai ƙujewa a gwiwa. Ki karanta wannan ke kaɗai.

Ba zan iya ba ki labarin abin da ya faru a sauran wurare ba, ban gani ba, kuma abin da ake faɗa ya fi ƙarfin biro. Zan faɗa miki abin da na gani a hanyar Tungar Rini kawai.

Shekaranjiya da safe na fita zagayen magudanai kamar kullum. A mahaɗar da hanyar ƙauyen ta haɗu da ta magudanar yamma manoma sun yi makonni suna zaune, sun gicciya itatuwa, har mata na kawo musu tuwo. Kwana kaɗan kafin nan sun tare tifar Ɗanlami sun ce ba ta wucewa, suka ajiye ta a gefe da makulli a jiki. Na tsaya muna gaisawa, sai muka hango ƙura. Manyan motoci ne cike da 'yan sandan kwantar da tarzoma masu hular kwano da aka kawo daga nesa, ba fuskar da na sani. Suka sauka suka jeru a ƙetaren gadar magudanar, bindigogi a hannu.

Dattawan wurin suka fara cewa a ja da baya a shiga gari. Na ji da kunnena, kuma mutane sun fara naɗe tabarmi. Ban ga wanda ya hau tifar ba. Na dai ji injin ya tashi, sai kiɗan ya fashe daga lasifikar da Ɗanlami ya ɗaura a bayan kujera, an ƙure murya.

Jafaru ne ya fara miƙewa, ɗinkin cikinsa bai gama warkewa ba. Bayansa maza kusan ashirin, wasu ma ba 'yan tauri ba ne, jikinsu ne kawai ya ɗauka. Suka tuɓe riguna, suka zare wuƙaƙe da takubba, suka fara takawa zuwa gada suna kirari. Dattawa na riƙe su suna zubar da su. Wani tsoho ya rungume ƙafar ɗansa, ɗan ya ja shi a ƙasa kamar buhu.

Na yar da babur na ruga wajen tifar. Wanda ya kunna ya kulle ƙofa ya fice ta ɗaya gefen ya bi sahu. Ina ta jan ƙofa sai na ji wata ganga daban, ta gaske, daga bayana. Nagode ne. Ya fito daga ƙauye a guje ba takalmi, ganga a kafaɗa, ya ratsa ta cikin mazan nan ya sha gabansu, ya juya wa bindigogi baya. Sai ya fara buga sauka.

Wannan ne karo na farko da na saurare shi da kunnen hankali. Bugu ne mai nauyi, ɗaya, sai jira, sai ɗaya, kamar ana sauke kaya daga kan mutum. Amma lasifika ta fi shi ƙarfi. Yana saukewa, injina yana tayarwa. Mazan suka tsaya a tsakiya suna tangaɗi, wani ya durƙusa ya sake zabura. Na ɗauki dutse na fasa gilashin tifar, na shiga na yi ta dukan rikodar har ta yi shiru.

Daga nan ba a jin komai sai gangarsa. Lucy, na rantse miki sun fara sauka. Na ga wuƙaƙe suna yin ƙasa. Na ga Jafaru ya tsaya yana duban cikinsa kamar wanda ya farka daga barci, ya buɗe baki zai yi wa Nagode magana. A lokacin aka buɗe wuta.

Harsashin farko ya samu Jafaru a wuya. Ya zauna a ƙasa yana riƙe wurin, jini na fita ta tsakanin yatsunsa. Waɗanda suka riga suka durƙusa ba su samu tashi ba. Mutane suka yi ta faɗawa cikin magudana, ana harbin su a cikin ruwa. Wata mata da ta kawo kunu ta faɗi a kan ƙwaryarta. Na diro daga tifar na shige kwalbatin da ke ƙarƙashin hanya, ruwa har ƙirji, wani mutum da ban sani ba ya mutu yana jingine da kafaɗata.

Ta bakin kwalbatin ina hango gada. Nagode ba su harbe shi ba. Na ji wani yana ihu wai ga mai gangar, ga wanda ya kira su. Suka kama shi su huɗu, suka fasa gangar da takalmi, suka shimfiɗa hannunsa na dama a kan ɗaya daga cikin itatuwan da aka tare hanya da su. Da gindin bindiga suka yi. Na ji ƙarar, ba zan kwatanta miki ba. Ya yi kira ga Allah sau biyu, daga nan ban sake jin muryarsa ba. Na so in fito in ce ni ne, ƙafafuna suka ƙi. Ko kuwa ni ne na ƙi, ban sani ba.

Sai da rana ta karkata suka matsa zuwa cikin ƙauye, hayaƙi ya fara tashi daga rumbuna. Na fito. An kwashe wasu gawarwakin a mota, wasu na nan. Na duba fuska-fuska, ban gan shi ba. A kan itacen akwai jini da guntun fatar ganga.

Tun ranar nake juya abu ɗaya. Wani lokaci in ce waɗannan mutane da harbi suka zo, ko da kiɗa ko babu, tunda a wuraren da ba a kunna komai ba ma an ce sun yi. Wani lokaci in ce ai mutane sun fara naɗe tabarmi. Na rubuta duka biyun a littafina na kullum, na kasa soke ko ɗaya.

Yanzu ana cewa a gari makaɗin Tungar Rini ne ya tunzura jama'a, kuma ana nemansa, wanda ke nuna ba ya hannunsu. Zan neme shi. Kada ki zo, kada ki bar kowa ya zo.

Mijinki,
Iliya.


Talata Mafara,
9 ga Mayu, 1980.

Zuwa ga matata Lucy,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji, da fatan ke da Mama da yara kuna lafiya. Ki yi haƙuri da gajertar gaisuwar, mota na jira.

Mutum biyu za su kawo miki wannan takarda. Ɗaya Ayuba ne, dattijon majami'armu na nan, kin san shi. Ɗayan, mai mayafi a kafaɗar dama, shi ne Nagode.

A Damri na same shi. Matan ƙauye ne suka ja shi cikin rami a ranar, daga baya aka ɗauke shi a kan jaki zuwa gidan dangin Gwaggo, suka ɓoye shi a cikin rumbu. Na yi kwanaki ina tambaya ba wanda ya yarda ya gaya mini, suna da dalili. Gwaggo ce da kanta ta aiko a kira ni. Ta ce ba don ta huce ba, sai don hannun ya fara wari, maɗori ya ce ya fi ƙarfinsa, kuma duk asibitin da ke kusa akwai masu jiran mai karyayyen hannu. Ta ce kai ka san hanyar Turawa, ka san hanyar jirgi, to ka fitar da shi, in ya mutu a hanya kai da Allah.

Na ga hannun. Ya kumbura har gwiwa, yatsu uku sun yi baƙi. Babban yatsa da manuni suna da sauran jini, ya ɗan motsa su da na roƙe shi. Zazzaɓi na kama shi da yamma. Ayuba zai ɗauke shi a akori-kurarsa a ƙarƙashin buhunan albasa har Gusau, daga nan jirgin ƙasa zuwa Kafanchan. Idan an tambaya, ɗan ƙwadagon Ayuba ne, injin niƙa ya kama shi. Ki gaya wa maƙwabta haka, har Mama.

Bai so zuwa ba. Ya ce gara ya mutu kusa da kabarin Jafaru da ya ci tuwon gidana. Gwaggo ta daka masa tsawa ta kira shi da sunan yarinta, sai ya yarda. Ni bai yi mini magana ba sai sau ɗaya. Ya tambaye ni ko sun fara sauka kafin a yi harbin, domin ko da yake su yake fuskanta, ya ce abin ya ruɗe masa, ya kasa tuna fuskokinsu. Na ce sun fara, na gani da idona, har Jafaru. Ya rufe ido ya ce to.

Ki ba shi ɗakin baya. Ki nuna masa gabas, ki ajiye masa buta da tabarma mai tsabta. Nama ki saya wurin mahautan Hausawa, ki yanka masa ƙanana, ba zai nemi taimako ba ko yunwa za ta kashe shi. Ki ɗauke rikodar falo ki kai ɗakinmu. Idan ya ƙi yi miki magana kada ki ji haushi, kuma ina roƙon ki kada ki nema mini gafara a wurinsa, ko da wasa.

Ni zan zauna tukuna. Idan na ɓace a rana ɗaya da shi za a gane.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne mafi muhimmanci. Kada ki bari ya kwana kafin likita ya gan shi, ko da ranar Lahadi suka iso. Ki shiga tare da shi. Na san abin da likita zai ce, zai ce a yanke daga wuyan hannu, shi ya fi sauƙi kuma ya fi tabbas. Ki tsaya masa, Lucy, kin fi ni iya tsayawa. Ki ce ya cire ukun da suka mutu, ya gwada barin babban yatsa da manuni ko na mako ɗaya ne. Na tambayi wani tsohon makaɗi a Bakura, ya ce da waɗannan biyun ana iya riƙe gula, sandar buga ganga. Idan likita ya ce ransa ne a kai, to a yanke, amma ku tambaye shi tukuna, kada a yi yana barci.

Ki rubuto mini da zarar an fito da shi, ta hannun Ayuba, ba ta gidan waya ba.

Ki rungume mini Helen da Samuel. Ubangiji ya tsare ku.

Ni ne mijinki,
Iliya.